Hannun da na binne a Jidda

Yaya Usman ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaka da karyawa. Na ga lambar Saudiyya a waya, na ɗauka gaisuwa ce. Sai na ji muryar Khadija, babbar 'yarsa, da Hausarta mai gauraye da Larabci, Ammu take ce mini, wato baffa: "Ammu Sale, Baba halas. Bayan asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon da na zuba yana nan har yanzu, ya yi sanyi.

Yawancinku ba ku san shi ba. 'Yan majalisarmu kuwa sun sha labarinsa a bakina har sun gaji. Ku yi haƙuri, rubutun zai yi tsawo, kuma tsoho da waya sai a hankali.

A shekarun saba'in na je aikin Hajji ina ɗan shekara ashirin da huɗu. Da aka gama, 'yan jirginmu suka dawo, ni na maƙale a Jidda, wai sai na yi arziki. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mini, ba Larabci sai na salla. A bakin wani masallaci a Sharafiyya ya tsince ni ina hamma da yunwa.

Ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce Zariya.

Ya ce, "Shi ya sa. Yalla, tashi mu je gida."

Haifaffen Jidda ne. Kakansa ne ya taho da ƙafa daga Kano, shi bai taɓa ganin Najeriya ba, amma tsokanar Zagezagi ya gaje ta cif. Ya girme ni da kusan shekara goma. Ya ba ni ɗan ɗakin katako a saman rufin gidansu. Ya ba ni takalminsa, ya yi mini yawa, ya cusa jarida a ciki ya ce ƙafar Bazazzagi tana girma da shinkafa. Matarsa Safiya ba ta taɓa zuba masa wake da gurasa da safe ba tare da ta ware nawa ba.

Shi ya samo mini aiki inda yake yi, a Madinar Masana'antu, wani kamfani da ke yanka farantin ƙarfe yana haɗa tankunan ruwa. A can ba a damu da takardunka ba in dai kana da ƙarfi.

To, akwai wani abu da muke yi a kamfanin nan, shi ne tushen komai. Akwai rajistar zuwa aiki, kowa ya dangwala babban yatsa a gidan ranar. Foman ɗinmu ya ga layin dangwale yana cinye masa rabin awa kullum, sai ya ɓullo da dabara. Ranar ɗaya ga wata mu yi layi sau ɗaya, kowa ya dangwale gidajen watan gaba ɗaya, shi ke nan. Mu ma daɗi muka ji, don in ka makara babu mai gani a takarda. Babu wanda ya taɓa tunanin abin zai ci wani.

A cikin watan Rajab, saura kwana goma sha ɗaya ya ƙare, injin yanka ya faɗo wa Yaya Usman a hannun dama, daidai wuyan hannu.

Ban ji ihunsa ba. Shirun injin na ji.

Aka ɗaure masa dantse, aka jefa shi a mota zuwa wurin likitan kamfani. Aka bar hannun a ƙasa, kowa na kewaye shi. Ni na cire rawanin da nake tare rana da shi na naɗe hannun. Ya fi yadda nake zato nauyi, kuma da ɗuminsa.

Wani dattijo cikinmu ya ce, "Jikin Musulmi ne, ba a barinsa ya yini. A kai shi makwancinsa."

Babu wanda ya ce a kai asibiti a rubuta. Babu wanda ya ce a nemi takarda. Mu a saninmu sutura ake gaggautawa. Bayan azahar, cikin ranar nan ta Jidda mai narka kwalta, na kai shi maƙabarta ni kaɗai. Mai haƙa kabarin wani tsoho ne Takari, mutumin ƙasarmu da ya zauna a can, bai tambaye ni komai ba. Ya wanke shi, ya naɗe a ƙyallen likkafani. Kafin ya rufe ya yi ƙoƙarin miƙar da yatsun, huɗu suka miƙe, babban ya ƙi. A kansa akwai tsohon tabon wuƙa da ya ratsa shi a karkace, na san tabon tun ranar da muka fara gaisawa. Muka sa shi a gindin katanga ta gabas, muka mayar da ƙasa.

Da Yaya Usman ya farfaɗo na faɗa masa an yi wa hannunsa sutura, sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bai tambayi wace maƙabarta ba, ni ma ban faɗa ba.

Kamfani ya sallame shi. Ya kai ƙara gaban lajna, wato kwamitin da ke duba wanda ya nakasa a bakin aiki, don a yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa. 'Ya'ya huɗu gare shi a lokacin, kuma wa zai ɗauki mai hannu ɗaya aikin ƙarfe?

Ranar zama na raka shi har ƙofar ofis, na toge a waje. Duk wanda ya shiga sai ya nuna iƙama. Ni fasfon Hajjina ma ya daɗe da mutuwa.

Da ya fito fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Ya ce wakilin kamfani ya buɗe rajista, ya nuna yatsansa a kowane gida har ƙarshen Rajab. Wakilin ya ce Usman ya gama watansa lafiya lau, daga baya ya je wani gareji a Khumra ya ji ciwonsa. Takardar likitan kamfani kuwa ba a taɓa ganinta ba. Shugaban zaman ya tambaye shi, ina takardar asibiti, ina ta maƙabarta? Babu. Yaya Usman ya gaya musu yadda muke dangwale wata guda a rana ɗaya. Aka ce ina shaida? Mutum arba'in ne a sashenmu, babu ko ɗaya a ɗakin.

Ya ce mini, "Wani cikinsu cewa ya yi, ko dai ƙarya nake, ko hannuna ne ya ci gaba da zuwa aiki ba ni."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Aka ce ya je gida, za a aiko da hukunci.

Wata biyar muka yi muna jira. Kowace Asabar, da yake ita ce farkon mako a can lokacin, sai ya sa farar riga ya hau bas ya je ya tsaya a tagar ofis. Malamin tagar ba ya ko ɗago kai. "Lissa," yake cewa, wato ba tukuna. Har yaran gidan suka koya, in ya shigo sai su tarbe shi da "lissa" kafin ya buɗe baki.

A watannin nan ya daina cin abinci da mutane, don kunyar ci da hagu. In aka miƙo masa hannu sai ya ba da haƙuri kafin ya miƙa nasa. Amma kullum na dawo aiki zan tarar ya rufe mini rabona da faranti, duk da na san tukunyar ta ragu. Ni kuwa kullum ina tafiya kamfanin da ya ƙaryata shi, ranar ɗaya ga wata in shiga layi in dangwala.

Bai taɓa ce mini in zo in yi shaida ba. Ko sau ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne safiya. Daidai lokacin da jiniyar kamfani ke kaɗawa, ko da yake daga Sharafiyya ba a jinta, sai ya dubi dungun hannunsa ya ce, "Ya tafi." Na tambaye shi wa? Ya ce babban yatsan. Ya ce yana jin sanyin tawada a kansa, yana jin ana danna shi a takarda. Ba da wasa yake faɗa ba, kuma ba da tsoro ba. Kamar mai ba da labarin maƙwabci.

Likitoci yanzu suna da bayanin wannan, na sani, ɗana ma ya karanto mini. Amma ku ji wannan.

Wata Juma'a muna dawowa daga ta'aziyya da tsakar rana, hanya ta bi da mu ta bayan maƙabartar. Titin ba kowa, ko kyanwa. Muna tafe muna hira, sai ya tsaya cak. Ya koma taku uku baya, ya juya ya fuskanci katanga, ya ɗora dungun a jikin bulo.

Ya ce, "Nan ne ko?"

Wallahi nan ne. In da katangar za ta tsage, a ƙafarsa ramin yake. Maƙabartun Jidda ba ɗaya ba ne, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Yaya, mu tafi."

Ya ce, "Ai ba komai. Gaisawa muka yi."

Sati biyu bayan haka hukunci ya fito. Magatakardan da ke zama ƙarƙashin laima a ƙofar ofis yana rubuta wa mutane koke shi ya karanta mana. An kori ƙarar, ba a tabbatar a bakin aiki ya ji ciwon ba. Ya ce akwai damar ɗaukaka ƙara cikin wata guda, amma in ba shaida, asarar tawada ce.

Yaya Usman ya ninke takardar da hannu ɗaya a kan cinyarsa, ya ce a rubuta.

Da muka koma gida ina hawa matakala, Safiya ta kira ni daga bayan labule. A shekara biyu da na yi a gidan ba ta taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ta ce, "Sale, kai ka ɗauke shi. Kai ka san ranar."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Shi kuwa da ya ji, faɗa ya yi mata, ya hawo har ɗakina. Ya ce, "Kada ka soma. In ka shiga ɗakin nan, ba ta ƙofar da ka shiga za ka fita ba. Hannu na rasa, kada in ƙara da ƙane."

Na ce to. Kuma har ga Allah daɗi na ji da ya hana ni. Ba zan ɓoye muku ba, matsoraci ne ni, kuma ina son Jidda.

Amma na kasa cin abincin gidan. In na ɗaga farantin sai in ji nauyin nan da na ɗauka a rawani.

Ranar zaman ɗaukaka ƙara na bar shi ya tafi, na bi bas na gaba. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, mutum uku a bayan tebur, ga wakilin kamfani da foman a gefe. Da Yaya Usman ya gan ni sai ya runtse ido. Shugaban ya nemi iƙamata, na miƙa masa mataccen fasfo. Ya duba, ya dube ni, ya ajiye shi a gefensa ya danne da tafin hannu. Ya ce in yi magana.

Larabcina na kasuwa ne, amma ya isa. Na faɗi ranar, na faɗi maƙabarta. Wakilin kamfani ya ce maganar ɗan gudun iƙama ce. Sai na ce, "Yau tara ga wata. A aika a ɗauko rajistar wannan watan. In ba a ga yatsana har talatin ba, a yi mini abin da aka ga dama."

Foman ya fara zufa.

Aka aika da ɗan sanda. Muka zauna kusan awa biyu a ƙarƙashin fankar nan. Da aka kawo aka buɗe, ga mu nan mu arba'in, duk mun zo aiki gobe da jibi da gata har ƙarshen wata.

Shugaban ya jawo tsohuwar rajistar ya buɗe Rajab, ya bi layin Yaya Usman da alƙalami har ƙarshe. Sai ya juya shafi zuwa Sha'aban. A wannan shafin babu sunan Usman, an riga an cire shi. Amma can ƙasa, a gidan ɗaya ga wata, inda ba suna, akwai dangwale guda.

Ina tsaye kusa da teburin, na gani da idona. Ga tabon wuƙar nan ya ratsa shi a karkace.

A ranar ɗaya ga Sha'aban hannun ya kwana goma sha biyu a ƙasa.

Shugaban ya tambayi foman na wane ne. Foman ya rantse bai sani ba, kuma a karon nan na yarda da shi. Wataƙila tun ranar layin Rajab shafi ya juye, Yaya Usman ya dangwala a can bisa kuskure. Haka nake faɗa wa kaina. Da aka nuna wa Yaya Usman, kallo ɗaya ya yi ya kawar da kai.

Shugaban ya rufe littafin a hankali. Ya ce za a aiko da hukunci.

Ni kuma aka nuna mini ɗaya ƙofar. Ina fita na ji muryar Yaya Usman a bayana: "Bazazzagi! Taurin kai!" Muryar ta karye a tsakiya.

Kwana goma sha wani abu na yi a tsare, aka tasa ƙeyata zuwa gida. Da takalminsa na sauka.

Bayan shekara guda wani alhaji ɗan unguwarmu ya dawo mini da wasiƙa da jallabiya da dabino. Wasiƙar gajera ce. An yi hukunci, Allah ya ba mu nasara, an yanka masa abin da zai riƙe gida, in kwantar da hankalina. A ƙasa dangwalen yatsan hagu.

Na yi kuka ranar, na yi sadaka. Tun daga nan duk abin da ya same ni a rayuwa, in na tuna Jidda da na rasa, sai in ce ai ba a banza ba. Na yi tinƙaho da labarin nan fiye da shekara arba'in. 'Ya'yana sun haddace shi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekara shida ke nan, da na je Umara. Khadija ta ɗauko ni a mota har Sharafiyya. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma ina yin sallama ya ce, "Ku ɓoye abinci, Zariya ta iso."

Muka sha shayi. Na ce ya ba ni labarin ranar da hukuncin ya fito, yaya wakilin kamfanin nan ya yi da fuskarsa? Ya ce, "Halas, wannan ya wuce. Sha shayinka kada ya huce." A kusurwar ɗakin na ga tire cike da asuwaki an ɗaure su ƙulli-ƙulli. Ya ce zaman banza ne ba ya so, shi ya sa yake ɗan taɓawa.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa, ya riƙe hannuna na dama da hagunsa, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ranar da ka shigo ɗakin nan, na ga wani ya tsaya mini. Ban manta ba, Sale."

Ban sake ganinsa ba.

Ɗazu bayan azahar na sake kiran Khadija in yi mata gaisuwa sosai, don da safe na kasa magana. An riga an kai shi. Ina ba ta haƙuri, sai na ce Allah ya sa dai ya ci moriyar haƙƙinsa kafin ya tafi.



Ta ce, "Ammu, wane haƙƙi?"

Hukuncin bai taɓa fitowa ba.

Ta ce an tura fayil ɗin wani ofis, daga nan aka tura wani. Kamfanin ya canja hannu, daga baya ya rufe. Baba ya ci gaba da zuwa taga kowace Asabar har shekara tara, sai da ya je wata rana ya tarar an rushe ginin. Da asuwakin nan ya ciyar da su, a ƙofar masallaci, shekara talatin, da hannu ɗaya. Yau da suka buɗe jakar takardunsa suka ga ɗan katin lambar ƙarar a saman komai, ya naɗe shi a leda.

Na ce to wasiƙar fa?

Ta ce shi ya sa aka rubuta. Kuma tun suna yara ya tara su ya ce, "Duk wanda ya faɗa wa Sale ban yafe ba. Ya rasa Jidda saboda ni, kada a ce masa a banza ne."

Tana kuka tana ba ni haƙuri wai ta saɓa masa. Na ce ba ki saɓa ba 'yata, ni na tambaya.

Tun ɗazu nake zaune a wuri ɗaya. Ban san ko fushi nake da shi ba ko me. Shekara arba'in ina yawo ina cewa na taimaki mutum, ashe shi yake ɗauke da ni.

Ya Allah, bawanka Usman ya jira hukuncin mutane bai samu ba, yau ya zo gabanka. Kai ba ka neman takardar asibiti. Ka biya shi da abin da ya fi wanda aka hana shi. Ka haɗa shi da hannunsa, ka ba shi littafinsa a dama. Ka yalwata kabarinsa, ka ba Safiya da 'ya'yansa haƙuri, ni kuma ka yafe mini wata biyar ɗin da na yi shiru.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya tsaya danna like. Ya ɗaga hannayensa biyu ya yi wa Yaya Usman addu'a.